Bargon Sunaye: ɗinki, suna da zumunci a zamanin annobar sida a Amurka

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin wani aikin fasaha na gayya da aka soma a birnin San Faransisko cikin 1987 domin tunawa da mutanen da cutar sida ta kashe, waɗanda akasarinsu a wancan lokaci maza ne masu neman jinsinsu. Abin da muke son nunawa shi ne, aikin da wannan bargo ya yi aikin harshe ne: ya mayar da sunan mamaci cikin fili a daidai lokacin da dangi da jaridu da hukuma suke sakaya shi, kuma wannan ambato shi ne kulawa ta ƙarshe da masu rai suka iya yi wa matattunsu.

1. Gabatarwa

Ranar 11 ga Oktoba 1987, da sassafe, aka shimfiɗa fallayen ƙyalle 1,920 a babban filin da ke tsakiyar birnin Washinton, gaban majalisar dokokin Amurka. Kowane falle yana ɗauke da sunan mamaci. Ana shimfiɗawa ana karanta sunayen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. A yau fallayen sun kai wajen 50,000, sunayen da ke kansu wajen 110,000, nauyin bargon duka kuwa tan 54. Ana lissafa shi a cikin ayyukan fasahar jama'a mafi girma a duniya, ga shi kuwa akasarin waɗanda suka ɗinka shi ba teloli ba ne, wasu ma ba su taɓa riƙe allura ba kafin wannan rana.

Masana tarihin fasaha da masana halayyar jama'a sun yi rubutu da yawa a kan wannan aiki. Mu a nan za mu dube shi ne da idon mai nazarin harshe. Za mu fara da batun kalmomin da muka zaɓa, sannan mu duba yadda aka raɗa wa cutar suna aka kuma ɓoye na matattu, da yadda bargon ya samu, da irin jimlolin da ke kansa, da sukar da aka yi masa, da abin da ya zama bayan 1996.

2. Batun kalmomi

Abin da Amurkawa suka ɗinka ya samo asali daga wani abin rufa na gargajiyarsu wanda ake haɗawa da guntayen yadi da tsofaffin tufafi. Mun kira shi bargon haɗe-haɗe, wannan kuwa na tunawa da matattu mun kira shi Bargon Sunaye. Ƙyallen mutum ɗaya mun kira shi falle, kamar yadda ake cewa fallen zane.

Kalmar da za a kira mutanen da ita ta fi wuya. Kalmomin luwaɗi da maɗigo suna nuni ga aiki, kuma suna tafe da hukunci a cikinsu. Wanda ya furta su ya riga ya yanke shari'a kafin ya gama jimlarsa. Kalmar ƴan daudu kuwa tana nuni ga wani rukuni na ƙasar Hausa mai nasa tarihi, da sana'o'insa, da salon maganarsa. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990 ya kuma buga littafinsa a 2009, ya nuna cewa ba a iya ɗora wannan kalma a kan ta Amurkawa a ce sun yi daidai. Saboda haka muka ɗauki lafazin siffantawa, wato masu neman jinsinsu, maza ko mata. Lafazi ne mai tsawo, amma yana barin mai karatu ya ga abin da ya faru kafin ya faɗi ra'ayinsa, kuma abin da aikin tarihi ke bukata ke nan.

Ita cutar kanta mun bar ta da sunan da aka san ta da shi a Nijar, wato sida, wanda ya zo mana daga Faransanci. A Nijeriya an fi cewa ƙanjamau, daga ƙanjamewa, sunan da ke siffanta jikin majinyaci yadda mai kallo ke ganin sa.

3. Cuta mai sunaye da yawa, matattu babu suna (1981-1985)

Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani irin ciwon huhu da ya kama samari biyar a Los Anjalas, dukkansu masu neman maza. Cikin 1982 wasu likitoci da jaridu suka riƙa kiran cutar da wani suna da ke danganta ta kai tsaye da wannan rukuni, kafin hukumar ta tsayar da sunan da ya zama sida a Faransanci, cikin Satumba na wannan shekara. An kuma yi ta maganar rukunoni huɗu da aka ce su ne masu cutar: masu neman maza, masu allurar ƙwaya, masu ciwon rashin daskarewar jini, da ƴan ƙasar Haiti. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano ƙwayar cutar a cibiyar Pasteur ta Paris, amma sai 1986 aka daidaita a kan suna ɗaya na ƙwayar. Ke nan cikin shekara biyar cutar ta sha suna iri-iri, kuma na farkon ya bar tabon da na baya ba su goge ba: jama'a sun riƙe cewa cuta ce ta wasu mutane dabam.

Majinyatan sun gane da wuri cewa kalma tana da nauyi. A wani taro a birnin Denba cikin Yuni 1983, wasu daga cikinsu suka fitar da sanarwa suna ƙin a kira su da kalmar da ke nufin wanda bala'i ya riga ya ci, suka nemi a ce da su mutane masu sida. A wannan lafazi mutum ne kan yankin suna, cutar kuwa siffa ce da ta biyo baya.

A ɓangaren matattu, abin da ya yi yawa shi ne sakayawa. Sanarwar mutuwa a jarida takan ce wane ya rasu bayan doguwar jinya, lafazin da mu ma muka saba ji a sanarwar rediyo. Wanda ya zauna da mamacin shekara goma, ya yi jinyarsa har ƙarshe, sai a kira shi tsohon abokin zama, ko a tsallake shi gaba ɗaya. Manyan mutane ma haka: lokacin da Michel Foucault ya rasu a Paris ranar 25 ga Yuni 1984 ba a bayyana cewa sida ce ba, kuma wannan ɓoyo na cikin dalilan da suka sa abokin zamansa Daniel Defert ya kafa ƙungiyar AIDES a wannan shekara. Lauyan nan Roy Cohn ya mutu a 1986 yana cewa kansar hanta ce ke damun sa.

Wannan shiru yana da dalilai na zahiri. Kusan rabin jihohin Amurka suna da dokar da ta haramta saduwa tsakanin jinsi ɗaya, kuma a Yuni 1986 kotun ƙoli ta tabbatar da halaccin irin wannan doka, hukuncin da ba a soke ba sai 2003. Abokin zama ba shi da matsayi a gaban doka: ana iya hana shi shiga ɗakin asibiti, a hana shi halartar jana'iza, a fitar da shi daga gidan da suka zauna tare. Wasu kamfanonin shirya gawa sun ƙi karɓar gawar mai sida. Da yawa an ƙone gawarsu ba tare da taro ba, babu kabarin da za a ziyarta. Shugaba Ronald Reagan bai yi cikakken jawabi a kan cutar ba sai ƙarshen Mayu 1987, lokacin da ta riga ta kashe Amurkawa fiye da 20,000.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da muka sani a al'adarmu. Bahaushiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, amma wannan alkunya ce: kowa ya san sunan, kuma rashin faɗinsa ƙarin girma ne ga mai shi. Shirun da muke magana a kansa ya fito ne daga tsoron abin kunya, kuma sakamakonsa shi ne a shafe mutum daga zance kamar bai taɓa zuwa duniya ba.

4. Daga kwali zuwa ƙyalle (1985-1987)

Ranar 27 ga Nuwamba 1978 aka harbe magajin garin San Faransisko George Moscone da ɗan majalisar birni Harvey Milk, wanda yake cikin mutanen farko da aka zaɓa a wani muƙami a Amurka alhali sun bayyana a fili cewa masu neman jinsinsu ne. Daga nan kowace shekara akan yi jerin gwano da kyandir domin tunawa da su. Cleve Jones, wanda ya yi aiki a ofishin Milk yana saurayi, yana cikin masu shirya wannan jerin gwano. A Nuwamba 1985, yana cikin shiri, ya sami labarin cewa waɗanda sida ta kashe a birnin sun haura 1,000. Sai ya roƙi mahalarta kowa ya rubuta sunan wani nasa da ya mutu a jikin kwali. A ƙarshen tafiya aka hau tsani aka manna kwalayen a bangon wani ginin gwamnatin tarayya. Jones ya faɗa daga baya cewa da ya dubi bangon, sai ya ga kamar bargon haɗe-haɗe irin wanda yake rufa da shi a gidan kakanninsa.

Wannan kamance yana da tushe a tarihin ƙasar. Tun ƙarni na 19 matan karkarar Amurka sukan taru a gida ɗaya su ɗinka bargo tare, suna hira, yadda ake taruwa gayya a gonar mutum ɗaya. Cikin shekarun 1840 an yi yayin bargon da kowace mace ke sa sunanta a guntun da ta ɗinka, a ba wadda za ta yi aure ko za ta ƙaura. Har akwai na makoki: wata mata a jihar Kentaki ta ɗinka wani a 1843 da hoton maƙabarta a tsakiya da ƙananan akwatunan gawa masu sunayen ƴaƴanta. Bargo a wurin Ba'amurke yana tuna masa kaka, da gida, da ɗumi. Jones ya zaɓe shi da gangan domin ya haɗa wannan hoto da mutanen da ake cewa ba su da iyali.

A farkon 1987 ya yi falle na farko domin amininsa Marvin Feldman, wanda ya rasu a Oktoba 1986. Cikin Yuni 1987 shi da Mike Smith da wasu ƙalilan suka kafa ƙungiyar NAMES Project, suka kama wani shago a titin Market, a unguwar Castro. Jama'a suka kawo kekunan ɗinki da yadi da zare. A wannan wata aka rataya fallaye 40 na farko a ginin magajin gari. Da labari ya bazu, fallaye suka riƙa zuwa ta gidan waya daga Niyok, da Los Anjalas, da Atlanta, da ƙananan garuruwa.

An tsayar da awo ɗaya: kusan santimita 90 a faɗi, 180 a tsawo, wato awon kabarin babban mutum. Ana haɗa fallaye takwas su zama shimfiɗa ɗaya mai kusurwa huɗu, kowane gefe kusan mita 3 da santimita 60. Manufar awon ita ce mai kallo ya ga faɗin ƙasar da gawawwakin za su rufe da an jera su. An zaɓi ranar nuni na farko ta dace da babban jerin gwanon neman haƙƙin masu neman jinsinsu da aka yi a Washinton, kuma an ƙiyasta cewa mutum rabin miliyan suka ziyarci bargon a waɗannan kwanaki.

5. Ɗinki a matsayin jinya

Bargon bai zo shi kaɗai ba. Tun 1982 ƙungiyoyin sa-kai a Niyok da San Faransisko suke haɗa kowane majinyaci da wani mai kula da shi, ya yi masa cefane, ya wanke shi, ya kai shi asibiti. A 1983 babban asibitin San Faransisko ya buɗe ɗaki na musamman domin masu sida, da ma'aikatan jinya da suka nemi aikin da kansu. A wannan shekara wasu mata masu neman mata a birnin San Diyego suka shirya ba da jini, tun da an hana mazan bayarwa. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A nan waɗanda suka taka ƙafar sau da yawa ba dangin jini ba ne. Ɗinkin falle ci gaban wannan jinya ne bayan majinyaci ya cika: hannun da ya saba gyara masa shimfiɗa shi ne ya ɗauki allura.

Abin da aka ɗinka a jikin fallayen yana nuna haka. Akwai rigunan da mamaci ya sa, da wanduna, da kakin soja, da hotuna, da zoben aure, da makullin mota, da ƴartsanar yara, da gashi, har da tokar gawa a cikin ƙaramin aljihu. Akan haɗa falle da wasiƙa mai ba da labarin mamacin. Waɗannan wasiƙu da hotuna da sauran takardu sun haura 200,000.

Wani abin lura shi ne waɗanda aikin ya haɗa. Uwa daga ƙauye, wadda ba ta san irin rayuwar ɗanta ba sai da ya kwanta ciwo, takan zo shagon ta zauna kusa da abokin zamansa, su yanka rigarsa tare. Abokan aiki a kamfani, da ƴan coci ɗaya, da ma'aikatan jinya, duk sun ɗinka. Gert McMullin, wadda ta shiga aikin tun 1987, ta ɗinka fallaye fiye da ɗari da hannunta, ta kuma shafe shekaru tana gyaran waɗanda suka yage. Babu alƙalin da ke tace kyau: duk fallen da ya cika awo yana shiga, na gwani da na ɗan koyo gefe da gefe, na tauraron fim Rock Hudson kusa da na wanda unguwarsu kaɗai ta san shi. A 1988 aka zagaya da bargon birane 20, aka tara kusan dala 500,000 domin ƙungiyoyin jinya na waɗannan birane. A Oktoba na wannan shekara fallaye 8,288 aka shimfiɗa a gaban fadar shugaban ƙasa.

6. Nahawun falle

Émile Benveniste ya nuna cewa wakilan suna ba matsayinsu ɗaya ba. Ni da kai su ne mutanen zance, masu musayar magana; shi ko ita kuwa yana wajen zance, kuma ya tuna cewa masana nahawun Larabci suna kiran sa ga'ibi, wanda ba ya nan. Rahoton likita da labarin jarida da lissafin hukuma duk suna magana a kan mai sida a matsayin ga'ibi, galibi ma a jam'i: su, waɗannan mutane. Idan aka bi rubutun da ke kan fallaye za a ga iri uku.

Na farko shi ne suna tsura, wani lokaci da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Sunan yanka ba ya siffanta komai, nuni kawai yake yi ga mutum ɗaya tak, saboda haka ba ya karɓar jam'i, ba ya shiga rukuni. Idan mai karatu ya tsaya a gaban lasifika ya karanta sunaye, ba labari yake bayarwa ba, kira yake yi, irin kiran da malami ke yi a aji. An saba mai karatu ya rufe jerinsa da sunan nasa mamacin, ya ƙara da dangantaka: ɗana, ƙanena, masoyina. Wannan ƙaramin ɗafi na mallaka shi ne abin da sanarwar jarida ta hana.

Na biyu shi ne magana da mamaci kai tsaye: muna kewarka, ka huta, na gode maka. A nan ga'ibi ya koma kai. A wuraren nuni akan shimfiɗa farin yadi da alƙaluma domin baƙi su rubuta, kuma da yawan abin da suke rubutawa da wannan siga yake.

Na uku, wanda ya fi ƙaranci, shi ne mamaci yana magana da bakinsa. Duane Kearns Puryear, wani saurayi ɗan gwagwarmaya daga Dalas, ya ɗinka nasa fallen tun yana da rai. Ya rubuta sunansa, da ranar da aka gaya masa yana da cutar har da sa'a da minti, da cewa yana da shekara 22 a lokacin, ya rufe da cewa duk wanda ke karanta wannan rubutu to ya sani shi ya riga ya mutu. Ya rasu a 1991. Jimlar ta ɗaure lokacin rubutu da lokacin karatu wuri ɗaya, ta tilasta wa mai karatu ya zama kai ɗin da mamaci ke yi wa magana.

Sakayawa ma ta bar sawunta a kan bargon. Akwai fallaye masu sunan fari kawai, ko laƙabi, ko haruffan farko. Akwai wanda aka rubuta a kansa cewa an yi shi domin ɗan'uwa, amma iyaye sun hana a sa sunansa. Akwai kuma wanda bai yi wa mamaci kara ba: a ƙarƙashin sunan Roy Cohn, wanda ya taimaka wa sanata McCarthy farautar ƴan kwaminis da masu neman jinsinsu cikin shekarun 1950, an rubuta kalmomi uku masu ma'anar azzalumi, matsoraci, wanda annoba ta ci. An faɗi laifinsa, an kuma ba shi wuri daidai da na kowa.

7. Suka

Taushin da ya buɗe wa bargon ƙofofin makarantu da coci-coci shi ne kuma abin da aka soke shi da shi. A Maris 1987 aka kafa ƙungiyar ACT UP a Niyok, wadda ta zaɓi hanyar fushi: tare hanya, mamaye ofisoshi, da hotunan bango masu daidaita shiru da mutuwa. Wasu daga cikin ƴaƴanta suna ganin bargon yana ba jama'a damar su yi kuka su koma gida ba tare da sun tambayi wanda ya hana kuɗin bincike ba, kuma yana wanke matattu daga sha'awarsu da siyasarsu domin su karɓu. Ranar 11 ga Oktoba 1992, a kwanakin da aka shimfiɗa bargon a Washinton, ƴan ƙungiyar suka watsa tokar matattunsu ta saman shingen fadar shugaban ƙasa. Mai sharhin fasaha Douglas Crimp, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya riga ya rubuta tun 1989 cewa makoki da gwagwarmaya ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana bukatar ɗayan. Tarihi ya ba shi gaskiya ta wannan fuska: matsin lambar ƴan gwagwarmaya ya sauya yadda ake gwajin magunguna, bargon kuwa ya kai maganar garuruwan da zanga-zanga ba ta taɓa zuwa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Yawancin fallayen farko na fararen fata ne masu ɗan hali, alhali tun 1996 baƙaƙen fata sun fi fararen yawa a cikin sababbin masu sida a Amurka. Ɗinka falle yana bukatar lokaci, da kuɗi, da dangi ko abokan da suka yarda a faɗi sunan. Amurkawan da cutar ta kashe sun haura 700,000. Sunayen da ke kan bargon ba su kai kashi ɗaya cikin shida na wannan adadi ba. Wanda ya mutu a kurkuku ko a bakin titi ba mai ɗinka masa.

8. Bayan 1996

A Oktoba 1996 aka shimfiɗa bargon gaba ɗayansa karo na ƙarshe, fallaye wajen 40,000, ya rufe filin Washinton daga wannan kai zuwa wancan, kuma shugaba Bill Clinton ya ziyarce shi. A wannan shekara aka soma amfani da haɗin magunguna uku, mace-mace suka ragu ƙwarai a ƙasashe masu arziki, sababbin fallaye ma suka ragu. A 2001 aka mayar da bargon Atlanta, inda aka buɗe wani shiri na musamman domin ɗinka fallayen baƙaƙen fata. A 2020 ya koma yankin San Faransisko, takardunsa kuwa aka miƙa su ga ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A wannan shekara, da annobar korona ta zo, Gert McMullin ta ɗinka takunkumin fuska da ragowar yadin bargon domin ma'aikatan jinya.

Salon ya ƙetare teku. A Faransa an kafa Patchwork des Noms a 1989, wasu ƙasashe da dama ma suka yi nasu. A inda cutar ta fi kama mata da maza ta hanyar aure, kamar Afirka ta Kudu, ɗinkin tunawa ya ɗauki wata ma'ana, ya zama na iyaye mata da kakanni masu riƙon marayu. Wannan wani babi ne da ya cancanci nasa nazari.

9. Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin 1981 da 1987 an yi ta raɗa wa cuta suna ana ɓoye na waɗanda ta kashe, kuma Bargon Sunaye ya juya wannan tsari da kayan aiki mafi sauƙi: yadi, da zare, da sunan yanka. Waɗanda suka ɗinka ba duka ne suka yarda da rayuwar mamatan ba. Akwai iyaye masu riƙo da addini da suka zo da nauyin zuciya. Abin da aikin ya nema daga gare su shi ne su yarda cewa wane ɗansu ne, ya rayu, ya mutu, kuma yana da suna. A al'ummar da ke yanka rago ranar bakwai domin a raɗa wa jariri suna a gaban shaidu, wannan bukata ba baƙuwa ba ce.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, akwai aiki a nan kusa: a tattara sanarwar mutuwa ta Hausa a gidajen rediyon Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, a duba lafuzzan da ake sakaya ciwo da su, da waɗanda ake lissafawa a cikin waɗanda mamaci ya bari, da waɗanda ake tsallakewa. A shagon ƙungiyar NAMES Project an taɓa kawo wani falle a 1988, ba sunan kowa a kansa, sai rubutun da ke cewa shi ne na ƙarshe. Masu kula da bargon sun ajiye shi gefe, ba su haɗa shi da sauran ba, sai ranar da cutar ta daina kisa.